Me ya sa ake barin ciyawa ta yi tsawo a harabar cocin ƙauye a Ingila?

Tambaya: Aiki ya kai ni wani ƙauye a yammacin Ingila, har an sa ni cikin kwamitin cocin garin. Tsohon coci ne na dutse, kaburbura sun kewaye shi. Yanzu kan kwamitin ya rabu: wasu na son a ci gaba da aske ciyawar harabar duk mako biyu, wasu na cewa a bar ta saboda furanni da ƙwari da tsuntsaye. Ni a gida na saba ganin ana yin gayya a share maƙabarta bayan damina. Barin ciyawar nan ba sakaci ba ne da raina matattu? In kuma akwai hikima a ciki, ta ina za mu fara?

Amsa: Ɗan'uwa, sannu da ƙoƙari. Gardamar da kuke yi, da wuya a sami kwamitin cocin ƙauye a Ingila da bai taɓa yin irinta ba, kuma galibi ana yin ta ne bisa zaton zaɓi biyu ne kawai, ko a aske ko a bari. Idan aka bar ciyawa aka juya mata baya, lallai sakaci ne, kuma furannin da ake cewa ana so su ne farkon waɗanda za su ɓace, domin manyan ciyayi da sarƙaƙiyar ƙaya za su danne su cikin 'yan shekaru. Abin da ake nufi da kula da haraba don halittu shi ne a yanka ciyawar a lokacin da ya dace, sannan a kwashe duk abin da aka yanka a fitar da shi daga filin. Kwasar nan ita ce aikin, kuma ta fi tura inji gumi.

Da yawa daga cikin cocin ƙauyukan Ingila sun kai shekara 700 zuwa 1,000 a inda suke. Lokacin da aka kewaye filin da katanga, makiyaya ce kamar sauran makiyayun garin. Tun daga ranar garma ba ta shiga ba, ba a zuba takin zamani ba, ba a yi feshin maganin ciyawa ba. A bayan katangar kuwa komai ya sauya, musamman daga Yaƙin Duniya na Biyu zuwa gaba, lokacin da ƙasar ta dage kan ciyar da kanta: aka nome tsofaffin makiyayu, aka shuka ciyawar kiwo iri ɗaya ko biyu, aka yi ta zuba taki. Daga shekarun 1930 zuwa 1984, Ingila da Wels sun yi asarar kusan kashi 97 cikin 100 na tsofaffin filayensu masu furannin daji. Saboda haka eka ɗayar nan da ke kewaye da cocinku, mai yiwuwa ita kaɗai ce ta rage a duk yankin da ke ɗauke da tsirran da suka cika gonakin garin a zamanin kakanninsu. Irin waɗannan maƙabartu sun haura 20,000 a Ingila da Wels. A gundumar Norfolk, mai tsofaffin coci sama da 600, ƙungiyar kare halittu ta gundumar tana aiki da kwamitocin coci tun shekarun 1980, saboda akwai furannin da a yanzu babban kasonsu a harabar coci suka fake.

Abin da yakan ɗaure wa ɗan manomi kai, kuma ya kamata ka fahimce shi sosai kafin zamanku na gaba, shi ne furannin daji sun fi son ƙasar da ba ta da ƙarfi. A ƙasa mai taki, 'yan ciyayi uku ko huɗu masu saurin girma, da ganyen nan mai harbin fata da ƙaiƙayi, su ne suke miƙewa su tare rana su shanye ruwa. A ƙasar da ba ta da taki, babu wanda ke iya yi wa wani fin ƙarfi, sai ka iske iri ashirin ko fiye suna zaune tare a ɗan wurin da bai wuce taku ɗaya ba. To, duk lokacin da inji ya yanka ciyawa ya bar ta a kwance ta ruɓe, taki aka zuba, kuma tabarmar ruɓaɓɓiyar ciyawar tana hana ƙananan iri tsirowa. A da ba a samun wannan matsala, domin limamin cocin yana da haƙƙin ciyawar harabar: ko a yanka masa ingirici a ɗauke, ko a saki tumakinsa su yi kiwo. Ba da niyyar kare furanni suka yi ba, amma ɗaruruwan shekaru na ɗauke ciyawa daga filin su suka samar da abin da kuka gada.

Shekarar farko kada ku shuka komai. Ku zaɓi wani ɓangare a tsohon sashen maƙabartar, inda aka daɗe ba a binne kowa ba, ku daina askewa daga Afrilu, ku ga abin da zai fito. Sau da yawa tsirran suna nan da ransu, inji ne bai taɓa barinsu sun yi fure ba. Akwai alamun da nake fara dubawa in na shiga irin wannan fili. Na farko, 'yan tuddai masu laushi da ciyawa ta lulluɓe, wasu har gwiwa: gidajen wata rawayar tururuwa ce mai zama a ƙarƙashin ƙasa, kuma babban tudu yana nuna an yi shekaru masu yawa ba a birkita wurin ba. Kada a baje su don inji ya ji daɗin wucewa, a kewaye su a yanka da hannu. Na biyu, a Oktoba da Nuwamba, 'yan ƙananan laimar kwaɗi masu sheƙi, ja da rawaya da ruwan lemo, har da kore, a cikin gajeriyar ciyawa mai gansakuka. Waɗannan ba sa jure takin zamani ko kaɗan. In kun gan su, wurin nan gajeriyar ciyawa yake so, a ci gaba da askewa ana kwashewa. Ka ga ke nan ba ko'ina ne barin ciyawa ta yi tsawo yake da amfani ba.

Ba sai kun yi binciken ku kaɗai ba. Kowace gunduma tana da ƙungiyar kare halittu, da yawansu sukan turo mai sanin tsirrai ya zaga da ku. Akwai kuma ƙungiyar Caring for God's Acre, wadda ta faro a Shropshire, can yammacin da kake, ta zama ƙungiyar agaji mai rajista a 2000, kuma aikinta ke nan kacokan. Tun 2021 ita da A Rocha UK, wata ƙungiyar Kiristoci masu kare halittu, da Cocin Ingila da Cocin Wels suke ware mako guda a watan Yuni don jama'a su fito su ƙirga halittun da ke harabar cocinsu. Wannan makon ya fi kowace muhawara tasiri a kan masu adawa, domin gani ya kori ji. Sayen ƙwaryar irin furanni daga kanti a watsa kuwa, wannan kam ina hana ku da babbar murya: yawancinsu furannin gona ne masu shekara ɗaya, ko irin da aka kawo daga wata ƙasa, kuma sai an kafce ƙasa kafin su kama, wato a lalata ainihin abin da ake son karewa. Haka nan dasa sababbin itatuwa a tsakiyar tsohuwar ciyawa. Niyya ce mai kyau, amma inuwa da ganyen da ke zuba za su kashe furannin da ke ƙarƙashi.

Bayan shekarar kallo, sai ku zana taswirar harabar ku raba ta. Gaban ƙofar coci, gefen hanyoyi, da duk inda ake binne mutane a yanzu, a riƙa askewa akai-akai kamar yadda aka saba, illa dai a sa jakar inji ta kwashe. Inda furannin farkon shekara suke, waɗanda ke buɗewa daga Fabrairu zuwa Mayu, a bar su har ganyensu ya bushe, a fara yanka wajen ƙarshen Yuni. Sashen doguwar ciyawa a bar shi wata uku zuwa huɗu, a yanka a Yuli, in an makara farkon Agusta. Mutane sukan so su jinkirta har Satumba saboda akwai sauran fure, amma in ana yin haka kowace shekara manyan ciyayi ne ke cin riba, ga shi ciyawar tana kwantawa ta yi muni ta yi wuyar yanka. In kuna son ƙudan zuma su sami abin tsotsa a ƙarshen lokaci, ku bar wani ɗan yanki, ku riƙa sauya masa wuri shekara-shekara. Can jikin katanga ko shinge kuma a bar wata 'yar kusurwa da ba a yanka sai bayan shekara biyu ko uku, rabi-rabi, domin nan ƙwari da kwaɗi da ɓerayen daji suke fakewa da sanyi, mujiya kuma ta zo ta yi farauta.

Ranar yanka, dogon laujen nan na Turawa mai ƙota iya tsayin mutum ya fi inji dacewa a tsakanin duwatsun kabari: ba ya gwabje dutse, ba ƙara, ba fetur, kuma abin da ke ɓoye a ciyawa yana samun zarafin gudu. Da sassafe ake yi, da sauran raɓa, lokacin ciyawar ta fi yankuwa. In inji mai igiya za a yi amfani da shi, wani ya fara bi da sanda yana buɗa ciyawar, saboda bushiya ba ta gudu, dunƙulewa take yi, kuma injin nan yana yi musu mummunan rauni. A bar abin da aka yanka ya sha rana kwana biyu ko uku, a juya shi, iri ya zube, sannan a bi da manjagara a tattara a kan tamfol a ja zuwa juji. Daga nan har Oktoba a ci gaba da askewa ana kwashewa, don ciyawar ta shiga hunturu a gajarce.

Idan manyan ciyayi sun riga sun yi yawa, akwai tsiro ɗaya da na yarda a shuka, in an samo irinsa daga filin da ke kusa. Sunansa na kimiyya Rhinanthus minor, fure ne rawaya wanda in kwansonsa ya bushe a Yuli irin ke kaɗawa a ciki yana kacau-kacau, kuma manoman da can da wannan ƙarar suke gane ingirici ya isa yanka. Dangi ɗaya ne da wuta-wuta, ƙudujin nan da ke shanye dawa da gero a gonakinmu, kuma sana'arsu ɗaya: saiwarsa tana kama saiwar ciyawa ta tsotse ta. Abin da manominmu ke tsinewa, ɗan'uwansa ake nema a nan, domin in ya raunana ciyawa sai furanni su sami wuri. Sabon iri ake shukawa tsakanin Agusta da Nuwamba, bayan an aske wurin ƙasa-ƙasa an karce shi da manjagara har ƙasa ta bayyana, saboda sai ya sha sanyin hunturu yake tsirowa. Shekara ɗaya yake yi, don haka in aka yanka kafin ya zubar da iri, an rasa shi.

Yanzu ga maganar raina matattu, wadda a ganina ita ce mafi nauyi a tambayarka, kuma masu son halittu sukan yi mata riƙon sakainar kashi. Maƙabarta ce kafin komai. A dokar Ingila duk mazaunin yankin cocin yana da haƙƙin a binne shi a nan muddin akwai wuri, ko yana zuwa coci ko ba ya zuwa, don haka filin na dukan garin ne. Dattijuwar da ta zo da furanni ta iske ciyawa har ƙugu a kan kabarin mijinta tana da gaskiya in ta yi fushi, kuma babu wani malam-buɗe-littafi da zai sa in ce mata ta yi haƙuri. Duk kabarin da ake ziyarta a buɗe masa hanya, ko da yana tsakiyar doguwar ciyawa ne. Kaburburan sojojin yaƙin duniya, waɗanda hukumar kaburburan yaƙi ta ƙasashen Kwamanwel ke kula da su, su kasance a share kullum, ba sai Lahadin tunawa da su ta watan Nuwamba ta gabato ba. Ku yanka hanyoyi masu faɗi a cikin doguwar ciyawar, ku aske gefenta ya fito tsaf, domin ido na ganin gefe a gyare ya san da gangan aka bar tsakiyar. Ku kafa ɗan allo mai faɗin abin da ake yi da watan da za a yanka, ku cika alkawarin watan. Kuma ku fara da ƙaramin wuri, nesa da ƙofa.

Gayyar share maƙabarta da ka saba da ita daidai ce a wurinta. Ciyawar damina in ta bushe da hunturu, ashana ɗaya ta isa, ga kububuwa ga kasa. Birtaniya macizai iri uku gare ta, ɗaya ne kawai mai dafi, yana da gudun mutane, kuma rabon da saransa ya kashe wani tun 1975. Abin da za ka fi gani a jujin ciyawa wani ƙadangare ne marar ƙafa, santsi gare shi da launin tagulla, wanda duk wanda ya taso a gida zai ɗauka maciji ne ya nemi sanda. Dube shi da kyau, yana ƙifta ido, maciji kuwa ba ya yi. Dodon koɗi yake ci, kuma doka ta hana kashe shi. Batun gobara dai kada a raina shi: a Yulin 2022 zafi ya haura digiri 40 a Ingila karo na farko, busasshiyar ciyawa ta kama wuta a wurare da dama. Wannan ma dalili ne na yanka a Yuli a kwashe.

Duwatsun kabarin su ma gida ne. Tabon nan fari da toka-toka da ruwan ɗorawa da ke manne da su, laikin ake kiransa, halitta ce ta haɗin gwiwa tsakanin naman gwari da wani ƙaramin tsiro mai sarrafa hasken rana. Birtaniya tana da wajen iri 2,000, an kuma sami fiye da kashi ɗaya cikin uku a harabar coci, wata harabar ita kaɗai ta haura iri 100. A kudanci da gabashin Ingila, inda duwatsun Allah a fili ba su da yawa, sau da yawa coci da kaburbura su ne tsohon dutse kaɗai. Wasu milimita ɗaya ko biyu suke ƙaruwa a shekara, don haka tabo mai faɗin tafin hannu yana iya girmar duk wanda ke kwamitinku. Je ka duba bangon hasumiya, ƙarƙashin wayar jan ƙarfen da ke kare aradu: za ka ga launin abin da ke wurin ya bambanta da na gefe, domin 'yan iri kaɗan ne ke jure ruwan da ya wanko ƙarfen. Kada a goge dutse da burushin waya ko bilic, yana cin fuskar dutsen fiye da yadda laikin zai ci. Mai son karanta rubutu ya wanke layin rubutun kawai da ruwa da burushi mai laushi. Kada kuma a tumɓuke duwatsu a jera su jikin katanga don sauƙin aski: wanda ya saba fuskantar rana in aka juya shi inuwa, abin da ke kansa mutuwa yake yi. Katanga in ta tsage a gyara da farar ƙasa irin ta da, ban da siminti.

In kuna da tsohon itacen yu, baƙin itacen nan mai duhun ganye da ba ya kaɗewa, to mai yiwuwa ya girmi ginin cocin. Na Fortingall a Sikotlan ana ƙiyasta masa shekara 2,000 zuwa 3,000. Na cocin Much Marcle a Herefordshire cikinsa ya zama kogo har an sa benci mutane na zama, kuma yana nan kore shar. Kogo a jikin wannan itace ba alamar mutuwa ba ce, kada a cika shi da kankare. Kada a mai da gindinsa juji ko wurin zuba ƙasar da ta ragu daga haƙar kabari, abin da na fi gani ke nan kuma yana shaƙe saiwa. Ganyensa da ƙwayar cikin 'ya'yansa dafi ne, reshen da aka sare aka jefa bayan katanga yana iya kashe doki ko saniya. Shinge kuma ba a datse shi daga Maris zuwa Agusta, tsuntsaye na kan ƙwai.

Jemagu sai an yi hattara, saboda doka. Ba irin manyan namu masu shan mangwaro ba ne, dukansu ƙanana ne masu cin ƙwari, wanda aka fi gani nauyinsa wajen giram 5 ne. Dokar kare halittu ta 1981 da ƙa'idojin 2017 sun sa lalata maɓoyarsu ya zama laifi, ko da ba sa ciki a ranar. Gaskiya ne kashinsu da fitsarinsu na ɓata katako da allunan tagulla, kuma masu sharar coci ne ke shan wahalar. Shi ya sa aka yi wani shiri na musamman daga 2019 zuwa 2023 don sasanta coci da jemagunsu. Kafin a taɓa rufi, ko a kafa fitilun haska hasumiya da dare, a nemi shawarar Natural England, hukumar gwamnati mai kula da halittu. Hasumiyar kuma tana iya zama gidan tsattsewa. Irin da ke zuwa Ingila suna isowa farkon Mayu, su yi ƙwai, su tashi a Agusta su ƙetare Sahara zuwa yankin Kwango, a hanyar komowa kuma da yawansu sukan yada zango a sararin Afirka ta Yamma su yi ƙiba. Sun ragu da fiye da rabi tun tsakiyar shekarun 1990, aka sa su a jan jerin tsuntsayen Birtaniya, wato waɗanda aka fi jin tsoron raguwarsu, a 2021, kuma toshe ramukan tsofaffin gine-gine na cikin dalilan. In an sa raga a tagogin ɗakin ƙararrawa don korar tattabaru, ana iya kafa musu akwatunan sheƙa ta ciki, a bar 'yar ƙofar da tattabara ba za ta iya shiga ba.

Sauya lokacin yankan ciyawa ba ya buƙatar izinin kowa sai kwamitinku. Sare itace mai rai, motsa dutsen kabari, ko kafa wani abu na dindindin kuwa, sai da izinin dayosis, wato hukumar cocin yankin da ke ƙarƙashin bishop, wani daga babban limamin yanki, wani har daga alƙalin kotun coci. In ƙauyen yana cikin yankin da aka keɓe don tarihi, ana ba ƙaramar hukuma sanarwar mako shida kafin a taɓa babban itace. Ka kuma bincika ko an rufe maƙabartar a hukumance, domin dokar ƙananan hukumomi ta 1972 ta ba coci damar miƙa kula da rufaffiyar maƙabarta ga majalisar ƙauye ko ƙaramar hukuma. In haka ne, ɗan kwangila ne ke zuwa da inji, kuma abin da ke rubuce a takardarsa kawai zai yi. Sai ku zauna da majalisar kafin a sabunta kwangilar, a haɗa taswirar a ciki, a rubuta watan yanka na kowane sashe, a kuma rubuta ƙarara cewa kwashewa na cikin aikin, domin ita ce 'yan kwangila suka fi tsallakewa. In kuma ku ne da kanku, kafin ku ƙayyade faɗin doguwar ciyawar ku fara ƙirga mutum nawa za su fito da manjagara a Yuli, ku rubuta sunayensu a cikin tsarin shekara biyar da kwamiti zai sa wa hannu, ku auna filin daidai da hannun da kuke da shi.